Manyan Ƙurajen Fuska Masu Barin Tabo Da Yadda Ake Maganinsu

Da wuya a sami gidan da ba a san ƙurajen fuska ba. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum takwas cikin goma na 'yan shekara 12 zuwa 24 sukan yi su, kaɗan ko da yawa, kuma mafi yawansu sukan wuce da kansu ko da ɗan maganin shafawa. Shi ya sa idan saurayi ko budurwa suka koka a gida, amsar da suke samu ita ce, "Ai na balaga ne, za su tafi." Sau da yawa hakan gaskiya ne. Amma akwai wani nau'in ƙuraje da wannan amsa ba ta dace da shi ba, kuma a kansa za mu yi bayani a wannan fitowa. Su ne manyan ƙurajen nan masu zurfi, masu zafi, waɗanda suke kumbura kamar maruru, su yi makonni ba su fashe ba, idan sun lafa kuma su bar rami ko tudu a fata. Su ma wata rana za su daina fitowa, sai dai tabon da suka bari ba ya tafiya. Duk watan da aka ƙara ana jira, tabo ake ƙarawa.

Yaya ƙurjin yake samuwa?

A fatar fuska da ƙirji da baya akwai ƙananan ramukan gashi masu ɗimbin yawa, kuma kowane rami yana da 'yar jakar da take samar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Idan mutum ya balaga, sinadaran homon na jikinsa, musamman irin na maza wanda mata ma suna da shi kaɗan, sukan sa jakunkunan nan su girma su riƙa fitar da maiƙo fiye da da. Idan matacciyar fata ta haɗu da maiƙon suka toshe bakin ramin, sai a sami ƙananan ƙurajen nan masu farin kai ko baƙin kai. Baƙin nan ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ramin ya sauya launi.

A cikin ramin akwai wata ƙwayar bakteriya da take zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Idan rami ya toshe sai ta sami wurin hayayyafa, jiki kuma ya taso yaƙi da ita, wurin ya kumbura ya yi ja. A wurin yawancin mutane abin yana tsayawa a sama-sama. Amma a wurin wasu, bangon ramin yana fashewa ne ta can ciki, maiƙo da bakteriya su zube a cikin naman fata. Daga nan ne ake samun ƙullutu mai tauri da zafi, ko kuma wata jaka mai laushi cike da mugunya da jini. Yayin da jiki yake ƙoƙarin share wannan ɓarna, yakan cinye lafiyayyen naman da yake kewaye, sai wurin ya lotsa. Wani lokaci kuma ya wuce gona da iri wajen gyara, sai nama ya tsiro ya yi tudu.

Saboda haka ka lura da abu biyu. Na farko, ciwon yana ƙasa ne, inda sabulu ba ya kaiwa, don haka yawan wanke fuska ba ya warkar da shi. Na biyu, ba ƙazanta ce ta kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba alamar wani mugun hali ba ne. Akwai gado a ciki: idan mahaifi ko mahaifiya suna da tabon ƙuraje, ya kamata a sa ido a kan 'ya'ya tun da wuri.

Yaya za ka gane naka sun kai wannan matsayi?

Idan kana samun ƙullutun da ya kai girman ƙwayar wake ko ya fi, yana zafi ko ba a taɓa shi ba, yana wuce mako biyu bai tafi ba, to naka sun wuce na shafe-shafe. Haka nan idan ka fara ganin ramuka a kumatu, ko tudun nama a muƙamuƙi, ƙirji, kafaɗa ko baya. Wani majinyacin yakan ce ba ya iya kwanciya rigingine, ko kuma kullum singiletinsa da ɗigon jini da mugunya. A wasu, ƙurajen sukan haɗe da juna ta ƙarƙashin fata, a matsa nan ruwa ya fito can.

Akwai wani nau'i da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda ya fi samun samari matasa: ƙurajen su ɓarke farat ɗaya a ƙirji da baya, su zama gyambo, ga zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Wannan ba ya jira, a zo asibiti a ranar.

Ba kowane kumburi ne wannan ciwo ba. Ƙurajen ƙeya da suke biyo bayan aski daban suke, haka ma maruran da suke yawan dawowa a hammata da matse-matsi. Likitan fata ne zai bambance su, kuma yawanci da ido yake ganewa, ba sai an yi gwaji ba. Ke kuma 'yar'uwa, idan ƙurajenki sun fi yawa a haɓa da muƙamuƙi, al'adarki tana yin wata biyu ko uku ba ta zo ba, ga gashi yana tsiro miki a haɓa, ki gaya wa likita duka ukun tare. Yana iya zama matsalar homon ce daga ƙwan mahaifa, wadda take da nata gwajin da nata maganin.

Abubuwan da suke ƙara rura wutar

Babba a cikinsu shi ne man shafawar da ake saye a kemis ko a kasuwa ba da umarnin likita ba. Da yawa daga cikin mayukan da ake cewa suna maganin "kowace irin matsalar fata", da mayukan bilicin, da haɗin da masu gyaran jiki suke zubawa a roba babu ko suna, suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Ka ɗauki kwalin man da kake shafawa ka duba. Idan ka ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, to shi ne. Yaudarar wannan mai ita ce, a makon farko ja da kumburi sukan ragu, fuska ta yi haske, mutum ya ce ya dace. Bayan wasu makonni sai sababbin ƙuraje su feso, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. In an daina kuma fuskar ta yi zafi ta yi ja, sai a koma masa. Idan ka daɗe kana shafa irin wannan, ka zo da shi asibiti a tsara maka yadda za ka rabu da shi.

Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma sau da yawa sitiroyid ne, kuma suna feso da ƙuraje a fuska da ƙirji da baya. Haka allurai da ƙwayoyin da wasu samari masu ɗaga ƙarfe suke amfani da su don ƙwanji ya fito. Man gashi mai nauyi da yake gangarowa goshi yana toshe ramuka, haka basilin ko man kaɗanya idan aka lafta su a fuskar da dama tana da maiƙo.

Sai kuma matsewa. Ƙaramin ƙurji mai farin kai yakan fito idan an matsa, shi ya sa hannu ya saba. Amma babban ƙullutu ba shi da baki. Idan ka matsa shi, ciki kake ƙara tura mugunyar, kana faɗaɗa ɓarnar da hannunka. Kada a tsaga shi da reza ko allura, kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho a wurin. Man goge baki, lemon tsami, tafarnuwa, kanwa da toka duk ƙona fata suke yi, kuma a baƙar fata duk inda aka ƙona, baƙin tabo ne yake biyo baya.

Game da abinci, an daɗe ana ɗora wa gyaɗa da ƙuli-ƙuli laifi, amma bincike bai tabbatar da laifinsu ba. Abin da aka fi samun alama a kansa shi ne yawan sukari da lemon kwalba da kayan fulawa, sai madarar shanu a wurin wasu mutane. Rage su yana da kyau ga lafiya, amma babu wani ƙauracewa abinci da zai warkar da manyan ƙuraje shi kaɗai.

Matakin farko na magani

Yawanci likita yakan fara da haɗa maganin sha da na shafawa. Maganin shan da aka fi bayarwa shi ne doksisaikilin, sau da yawa miligiram 100 a rana. Yana rage bakteriya, yana kuma kwantar da kumburi. Ka sha shi da cikakken kofin ruwa, kana zaune ko tsaye, kada ka kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, domin idan ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. Mai azumi ya fi kyau ya sha bayan buɗa-baki, maimakon da sahur idan zai koma barci. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko ruwan maganin olsa, a ba da tazarar awa biyu zuwa uku. Mai juna biyu ba ta shansa, ƙananan yara ma haka.

Ana shansa ne kimanin wata uku zuwa huɗu, ba shekara da shekaru ba. Mukan ga wanda ya yi shekara biyu yana sayen kafso a kemis, ya sha kwana biyar ya bari, ƙuraje su dawo ya sake saye. Wannan yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani ne kawai.

Na shafawa kuwa, akwai benzoyil feroksaid, mai kashe bakteriya ba tare da sun saba da shi ba, sai dai yana cinye launin tufafi da zanen gado, don haka a kula. Akwai adafalin da ake shafawa da dare, mai buɗe ramukan da suka toshe. Kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ya ishi fuska duka, kuma a duk wurin da ƙuraje suke fitowa ake shafawa, ba a kan ƙurji kaɗai ba. Makonnin farko fata takan bushe ta yi saɓa, sai a fara da shafawa dare ɗaya a tsallake ɗaya. Mai ciki ba ta amfani da adafalin. Ga mata kuma akwai wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa da suke rage ƙuraje, da wani magani mai suna sifironolakton, idan likita ya ga sun dace.

Kada ka yanke wa magani hukunci kafin mako takwas zuwa goma sha biyu. Yawancin waɗanda suke cewa "na gwada komai bai yi ba", idan aka bincika, babu wanda suka riƙe ya kai wata guda.

Idan akwai ƙullutu ɗaya ko biyu masu tsananin zafi, likita yana iya yi musu 'yar allura a cikinsu, su sace cikin kwana biyu ko uku. Aikin ƙwararre ne, domin idan maganin ya yi yawa wurin yakan lotsa ko ya yi fari.

Isotiretinoyin

Wannan shi ne maganin da ya sauya labarin manyan ƙuraje. An amince da shi a Amurka a shekarar 1982, kuma har yau babu wanda ya kai shi. A jikin kwali za ka ga an rubuta isotretinoin, ko sunan kamfani irin su Roaccutane. Dangin bitamin A ne. Yana tsuke jakunkunan maiƙo, ya hana ramuka toshewa, ya rage bakteriya da kumburi, wato yana taɓa duk tushen ciwon a lokaci guda. Idan ƙuraje sun riga sun fara barin tabo, ko an yi wata uku zuwa huɗu a kan matakin farko babu sauƙi, likita zai kawo maganarsa. Wani lokaci ma da shi ake farawa.

Da nauyin jiki ake auna shi. Akan ba da rabin miligiram zuwa miligiram ɗaya ga kowane kilo a rana, kuma likitoci da yawa sukan so jimillar abin da aka sha ta kai miligiram 120 zuwa 150 ga kowane kilo. Misali, mai nauyin kilo 60 yana bukatar aƙalla miligiram 7,200. Idan yana shan miligiram 40 a rana, kwana 180 ke nan, wato wata shida. Mun kawo lissafin ne don ka san tafiyar tana da tsawo, kuma maganin yana da tsada. Ka tambayi kuɗin wata shidan gaba ɗaya kafin ka fara, a yi shawara a gida, domin shan wata ɗaya a bari asarar kuɗi ce. Ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC. A sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, domin a cikin da babu komai jiki ba ya ɗaukarsa sosai.

Mafi yawan waɗanda suka kammala sukan rabu da manyan ƙurajen na tsawon lokaci, wasu har abada. Wasu kuma, musamman waɗanda suka sha suna da ƙananan shekaru, sukan bukaci zagaye na biyu. A watan farko ƙurajen suna iya ƙaruwa kafin su fara lafawa, shi ya sa akan fara da kaɗan.

Sharaɗin da ba a sassautawa

'Yar'uwa, wannan sashe naki ne, kuma muna roƙon maigida da iyaye su karanta shi tare da ke. Isotiretinoyin yana nakasa ɗan tayi. Yana taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya da kunnuwa da fuskar jariri, yana kuma jawo ɓari. Ko 'yan kwanaki aka sha a farkon ciki, kafin ma mace ta san tana da shi, haɗarin yana nan. Saboda haka ba a ba mai ciki, ba a ba mai shayarwa, ba a ba wadda take neman haihuwa a wannan lokaci.

Kafin a rubuta miki, za a yi gwajin ciki, kuma za a riƙa maimaitawa duk wata. Kada budurwa ko iyayenta su ɗauki wannan a matsayin zargi. Ƙa'ida ce da take kan kowace mace da ta isa haihuwa. Matar aure kuma dole ta kasance a kan hanyar tazarar haihuwa mai inganci, irin su ashanar hannu ko robar mahaifa, ko kuma hanyoyi biyu a haɗe, tun wata guda kafin ta fara, har zuwa wata guda bayan ta gama. Lissafin kwanaki bai isa ba. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta da maigida a gaban likita, ba a ɓoye ba.

Inda muka fi samun matsala shi ne wajen amare. Yarinya ta shekara uku tana fama, ba a kawo ta ba sai da aka sa rana, saura wata biyu biki, ana son fuska ta yi kyau. A irin wannan hali isotiretinoyin ba zai gama aikinsa kafin biki ba, kuma amarya za ta shiga ɗaki da maganin a jikinta, dangi kuma suna jiran labarin ciki. Idan an sa miki rana, ki faɗa wa likita ranar tun a zaman farko. Ko dai a zaɓi wani maganin, ko ku amince ke da angon a jinkirta ɗaukar ciki har a gama. Maganin ba ya zama a jiki: wata guda bayan ƙwayar ƙarshe mace tana iya ɗaukar ciki lafiya, kuma ba ya hana haihuwa a gaba. Idan kuwa al'ada ta yi jinkiri kina cikin sha, ki dakatar a ranar, ki zo asibiti.

Namiji mai shan maganin ba a san yana cutar da cikin matarsa ba. Haɗarin da yake wurinsa shi ne kyauta: ƙanwa ko matar aboki ta ga fuskarsa ta yi kyau, ta roƙi 'yan ƙwayoyi. Kada ka ba kowa ko guda ɗaya. Kuma kada mai shansa, mace ko namiji, ya ba da gudummawar jini sai bayan wata guda da gamawa, domin ana iya ƙara wa mai ciki jinin.

Sauran abubuwan da za ka gani

Kusan kowa leɓensa yakan bushe ya tsage. A nan basilin da man kaɗanya suke da amfani, a riƙa shafawa a leɓe sau da yawa a rana. Fata da ido da cikin hanci su ma sukan bushe, wani har ya yi haɓo, kuma abin ya fi tsanani da hunturu. Wasu sukan ji ciwon baya ko na tsoka. Rana takan ƙona fata da sauri, sai a nemi inuwa, hula ko man kariya daga rana. Direban da yake tuƙin dare ya sanar da likita idan ganinsa ya ragu a duhu. Ba a yin dilka ko halawa ana cikin shan maganin, har zuwa wata shida bayan an gama, domin fatar tana iya saluɓewa.

Za a gwada jininka don duba hanta da kitsen jini kafin a fara, a sake bayan wata ɗaya ko biyu. Kada ka haɗa shi da doksisaikilin ko tetarasaikilin, kada ka sha ƙarin bitamin A, kuma ka gaya wa likita duk wani maganin gargajiya da kake sha. Idan ka sami matsanancin ciwon kai tare da amai ko gani dishi-dishi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko idonka ya yi rawaya, ka daina sha ka zo nan da nan.

Akwai kuma maganar damuwa. An sami rahoton wasu da suka shiga ƙunci mai tsanani suna cikin shan wannan magani, har da tunanin kashe kai. Su kansu ƙurajen suna jefa matasa cikin wannan hali, mukan ga ɗalibin da ya daina zuwa aji, da budurwar da ba ta fita sai da niƙabi alhali ba don shi ta saba ba. Da yawa hankalinsu yakan kwanta idan fuska ta warke. Duk da haka, idan ka taɓa fama da ciwon damuwa ka faɗa tun farko, kuma iyaye su sa ido. Idan yaro ya daina magana, ya daina cin abinci, ko barcinsa ya rikice, a dawo da shi kafin ranar da aka ba shi.

Tabon da ya riga ya samu

A rarrabe baƙin tabo da rami. Baƙin da ƙurji yake bari a fatarmu launi ne kawai, yakan dushe a hankali cikin watanni, wani lokaci ya haura shekara. Adafalin da wani mai da ake kira azelayik asid suna hanzarta shi, rana kuma tana ƙara masa duhu. Wannan baƙin ne yake tura mutane wajen man bilicin, wanda yake dawo da ƙurajen, su kuma su bar sabon baƙi. Rami da tudu kuwa ba sa tafiya da mai kowane iri. Akwai ayyukan da likitocin fata suke yi don rage su, kamar allura a cikin tudun, ko ɗago ramin da ƙananan allurai, ko na'urar leza, amma ragewa suke yi, suna da tsada, kuma ba a fara su sai sababbin ƙuraje sun daina fitowa. Kada a yarda wani ya yanke tudun nama a ƙirji ko muƙamuƙi haka kawai, domin yakan dawo ya fi na da girma.

Ranar da za ka zo ganin likitan fata, ka zo da fuskarka a wanke, babu hoda babu mai. Ka zuba duk mayuka da sabulai da ƙwayoyin da kake amfani da su a leda ka taho da su, har da haɗin da ba shi da suna. Idan akwai ƙuraje a baya ko ƙirji ka faɗa, ko da ba a tambaya ba, kuma mace tana iya neman ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita yayin dubawa. Ki riƙe ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, za a tambaye ki.